Ɗakin da Kankarau Ya Kankare

Duk masu fenti na garin da sunan Kankarau suka san shi, matarsa ma in ta so tsokanarsa haka take kiransa. Aikinsa ne ya ja masa sunan. Shi ne mai shiga gida kafin mai burushi ya shiga. Zai kankare tsohon fenti, ya ɓamɓare filastar da ta kumbura, ya cike tsaga da ramukan ƙusa, sannan ya bi bango da samfefa har sai tafin hannu ya wuce sumul. Ranar da za a buɗe gwangwanin fenti shi ya riga ya kwashe kayansa ya yi gaba. Gidaje da yawa da ya ƙarar wa ƙarfinsa bai taɓa ganinsu a gyare ba.

Ba haka ya so ba tun farko. Mahaifinsa mai fenti ne, ya ɗora 'ya'yansa biyu a kan sana'ar, shi da yayansa. Yayan hannunsa ya faɗa da wuri, ga shi da bakin shawo kan masu gida. Shi kuwa ƙanin yana tashen samartaka aka sa shi ya ƙarasa wata ƙofar ƙarfe da aka fara yi wa kore. Ya yi aikinsa tsaf, ko ɗigo bai zubar ba, ya koma gefe yana jiran yabo. Mai gidan ya fito ya ga rabin ƙofarsa kore, rabi ja, ya ɗora hannu a ka. Uban ya ɗauka shaƙiyanci ne, har ya ɗaga hannu zai kai masa mari, sai ya lura ɗan nasa da gaske bai san laifinsa ba. Ya jawo murafan gwangwani biyu ya ajiye a gabansa.

"Wanne ne kore?"

Ya duba, ya sake dubawa. "Baba, ai duk ɗaya ne."

Tsohon ya karɓe burushin, ya miƙa masa makankari, faffaɗan ƙarfen nan mai ƙotar katako. Ya ce, "Riƙe wannan. Ba laifinka ba ne, haka Allah ya yi idon."

Da uban ya rasu, Yaya ya gaji suna da masu kiran aiki, shi kuma ya gaji ƙura. Bai yi ƙorafi ba. A hankali ma ya zo yana son abinsa. Yana son ya ƙwanƙwasa bango da ƙotar makankari ya ji inda filasta ta rabu da bulo, don wurin kan yi kuka kamar ganga. Bangon kicin da ya sha mai da hayaƙi sai ya wanke shi da garin sabulu tukuna. Bangon da ya sha ruwa kuwa sai an bar shi ya bushe, ko mai gida zai mutu don sauri. Abin da ya fi ba shi wuya tsofaffin ƙofofi da tagogi ne masu fentin mai, shafi a kan shafi, har sun yi kauri kamar fatar sa. Waɗannan sai ya kara musu wuta su yi laushi, ya kankare, ya bi sauran da samfefa. Kafin la'asar zai fito fari fat, gira da gashin hanci duk gari, kamar wanda aka zazzage daga buhun fulawa. Ƙurar irin wannan fenti tana da wani ɗan zaƙi a harshe. Ya taɓa gaya wa Yaya haka, Yaya ya kwashe da dariya.

"To ai ka huta da sayen sukari. Ka riƙa kaɗe kanka a shayi."

Matarsa tela ce, ɗinki take yi a gida. Mace ce mai tsini a baki amma ba ta riƙo, kuma ita ce mai dariyar gidan. In ya dawo takan leƙo ta ce, "Wane tsoho ne wannan? Malam, mijina bai dawo ba, ka dawo gobe." Sun daɗe ba haihuwa. Ciki kan shiga, ya yi 'yan watanni ya zube, har ta daina gaya wa kowa in ta samu. Sai da suka fara fid da rai Allah ya ba su 'ya mace, lafiyayya, mai manyan idanu.

Yarinyar ta yi baki kafin ta yi ƙafa sosai. Duk abin da aka faɗa a gabanta sai ta mayar, da muryar mai maganar da komai, shi ya sa aka sa mata Aku. Ranar da Yaya ya zo yana cika baki a kan wani bene da ya yi wa fenti, tana zaune a cinyar uwarta ta ɗaga yatsa kamar yadda yake yi ta ce, "Ni na yi, ni na yi!" Yaya kansa sai da ya yi ƙwalla don dariya. Kullum da yamma, da ta ji motsin tsanin ubanta a bakin ƙofa, sai ta rugo ta rungume ƙafafunsa, ta tashi da fuska fara. Uwar ta ce, "Ga tsoho, ga 'yar tsohuwa."

Aku tana cikin shekara ta uku suka tashi daga ɗaki ɗayan da suke ciki, suka kama ciki da falo a bayan wani tsohon gida. Gini ne na da, mai kaurin bango da tagogin katako. An yi wa bangon fentin mai tun daga ƙasa har kafaɗar mutum, wani launi mai duhu da Kankarau bai san sunansa ba, kuma ya fara tsattsagewa kamar ƙasan tafki da rani. Matar ta tsaya tsakiyar falo ta riƙe ƙugu.

"Baban Aku, yanzu a nan masu kawo ɗinki za su riƙa zama? Kai kana gyara gidajen mutane, naka kamar ɗakin ajiye gawayi."

Wasa take yi, amma maganar ta zauna masa. Ita ma ba ta bari ta wuce ba, duk 'yan kwanaki sai ta sake taɓo ta. Ya je ya sami Yaya, Yaya ya buga ƙirji ya ce shi dai ya kankare kawai, fenti ba matsala, akwai ragowar da za ta fito daga wani babban aiki, kuma shi da hannunsa zai shafa.

Haka Kankarau ya fara. Ba shi da wata rana ta kansa sai ranar hutu da ɗan abin da ya rage bayan ya dawo, don haka aikin ya tafi da kaɗan-kaɗan. Su ja gado nan, ya kankare can. Su mayar da keken ɗinki can, ya kankare nan. Bai taɓa yi wa bangon wani abin da ya yi wa wannan ba. Kowace kusurwa sai da ya shiga, kowane katakon taga sai da ya kai shi ga ainihin itacensa. Aku tana biye da shi. Ta samo wani tsohon cokali, ta tsuguna gefensa tana kankarar nata bangon, tana cewa, "A ba ni hanya, aiki nake yi," kamar yadda yake cewa. In ɓawon fenti ya faɗo ta ɗauka ta kai baki. Yakan ce, "Tofar, ƙazama," ta tofar tana dariya, in ya juya ta ɗauki wani. Uwar kuma tana bin su da tsintsiya, ƙura ta tashi ta sake sauka a kan tabarma da kwanuka. Abin da aka share a zuba shi a gindin katanga a tsakar gida, inda yaran gidan suke wasan ƙasa.

Ya gama, bango ya yi sumul, ya cike ko'ina da fila ya goge. Fenti bai zo ba. Yaya ya ce mai babban aikin ya tsaya. Daga baya ya ce ragowar ba ta kai ba. Daga baya ya ce ai ga damina, a bari iska ta bushe. Suka ci gaba da zama cikin ɗaki mai dabbare-dabbare, garin fenti ya cika tsagar siminti da ƙasan tagogi, ko an share sai ya sake fitowa.

Ciwon ciki ne ya fara. Aku ta riƙa naɗewa tana kuka, ta kwana biyu ba ta yi bayan gida ba. Mai kemis ya ce tsutsa ce, ya ba da magani. Ta daina cin abinci, tafin hannunta ya yi fari. Wata maƙwabciya ta ce shawara ce, wata ta ce ai yara sukan yi haka in za su ƙara tsawo. Sai hali ya canja. Yarinyar da ke bin kowa da surutu ta koma cizo da jifa da kwano. Abin da ya fi tayar wa uwar hankali shi ne maganar. Wata rana ta nuna mata kofi ta ce, "Mene ne wannan?" Aku ta kalli kofin, ta kalli uwarta, bakinta ya motsa, ba abin da ya fito. Kalmar da ta sani tun tana rarrafe.

"Baban Aku, yarinyar nan maganarta tana zubewa."

"Rashin lafiya ce ta sa ta kasala. In ta ji sauƙi za ki roƙe ta ta yi shiru."

Ya faɗi haka ne don ya kwantar mata da hankali, kuma shi ma ya yarda da abin da ya faɗa.

Yana kan tsani a wani gida da rana tsaka aka zo aka kira shi. Aku ta yi amai, ta faɗi tana jijjiga, idanu sun juye, maƙwabta sun tafi da ita asibiti. Ya tafi a yadda yake, fari fat, makankari a aljihun baya. Ya tarar an sa mata ruwa, ba ta san wanda ke kanta ba. An gwada zazzaɓin sauro, ba shi ba ne. An gwada sanƙarau, ba shi ba ne. Likitar da ke duba yara, wata mace mai furfura a goshi, ta fito tana tambayar uban yarinya. Ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Malam, wace sana'a kake yi?"

"Kankarar bango, kafin a yi fenti."

"Har da tsofaffin gidaje?"

"Su ne ma suka fi yawa."

"Da waɗannan kayan kake komawa gida?"

"Da su." Sai kuma ya ƙara, don yana ganin gara ya faɗi komai, "Ɗakinmu ma ni na kankare shi. Fenti muke jira."

Likitar ta ajiye bironta. Ta tambaye shi ko yarinyar tana wurin lokacin da yake aikin, ya ce tana nan, har taya shi take yi. Ta sa aka ɗebi jinin Aku, aka ɗebi nasa da na matarsa, aka aika wani wuri. Da sakamako ya dawo ta zaunar da su biyun a ofishinta. Ta ce yawancin tsohon fentin mai da dalma ake haɗa shi. Muddin yana manne a bango lafiya lau, bai cika cutarwa ba, amma in aka kankare ya zama gari, guba ce. Babba jikinsa kan daɗe yana jurewa. Yaro kuwa kai tsaye take tafiya ƙwaƙwalwa, ga shi tana da zaƙi, yara suna sonta. Ta ce akwai maganin da zai janye ta daga jini, kuma tana sa ran yarinyar za ta rayu.

Matar ta ce, "Za ta dawo yadda take?"

Likitar ba ta yi mata ƙarya ba. "Abin da ya riga ya lalace ba na iya yi miki alkawarinsa." Ta juya ga Kankarau. "Kai ma jininka cike yake. Ban sani ba ko tana da hannu a cikin ɓarin da matarka ta yi ta yi, amma ba zan yi mamaki ba."

Suka fito suka zauna a kan bencin baranda. Mutane suna ta wucewa da kwanukan abinci. Matar ce ta fara magana, ba ta dube shi ba.

"Ni na matsa maka. Da na yi shiru da bakina."

"Ni na kankare."

"Ni na yi ta shara ina bulbula mata a fuska."

"Ina gani tana ci. Na ce ta tofar, na juya na ci gaba da aikina."

Kowa yana jan laifin wajensa kamar masu rabon gado, ba wanda ya sakar wa wani. Ba ta taɓa cewa shi ne ba, har ya mutu. Amma daga ranar ba ta sake kiransa tsoho a bakin ƙofa ba.

Ya koma gida ɗauko musu kaya, ya tarar da manyan gwangwanaye biyu a ƙofar ɗaki, Yaya yana zaune a kan ɗaya. Labari ya kai masa. Ya miƙe yana murza hula.

"Ga fentin. Sabo ne, na ruwa, saya na yi."

Kankarau ya kalli gwangwanayen. "Yaya, ka san tsohon fentin nan guba ne?"

"Ana dai faɗa. Baba ma yakan ce a sha madara bayan aiki. Amma wa ka taɓa gani ya kashe? Rashin sani ya fi dare duhu, ƙanena. Kada ka kashe kanka."

Likita ta riga ta gaya wa Kankarau yadda zai yi, haka kuwa ya yi. Ya fitar da komai, ya zubar da tabarmi da katifa, ya wanke bango da ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma, ya sake wankewa, ya bi tsagar siminti ya toshe. Yaya ya shafa fentin a yini ɗaya, bai yi wasa ko ɗaya ba. Maƙwabta suka yi ta leƙowa suna cewa ɗaki ya yi kyau kamar na amarya. Sannan Kankarau ya ari shebur ya haƙe gindin katangar nan inda aka yi ta zuba shara, ya kwashe ƙasar a buhuna, ya bi ɗaki-ɗaki yana gaya wa iyayen yara su kai 'ya'yansu a gwada. Mai gidan ya zo a fusace, ya ce yana ɓata masa sunan gida, zai kore masa 'yan haya. Mai gidan bai sha wahalar korar Kankarau da iyalinsa ba. Da aka sallami Aku, uwar ta tsaya a bakin ƙofar sabon ɗakin da yarinya a kafaɗa, ta ce ita ƙafarta ba za ta taka ciki ba. Ko kwana ɗaya ba su yi a cikinsa ba bayan fentin. Suka koma ɗaki ɗaya a wata unguwa.

Aku ta rayu. Ta sake koyon tafiya, tana jan ƙafa ɗaya kaɗan. Magana ta dawo, amma 'yar kaɗan, kalma ɗaya ko biyu, sai an jira. Da ta isa makaranta aka kai ta, ta shekara tana aji ɗaya ba ta riƙe harafi ba, ranar da wata yarinya ta kwaikwayi tafiyarta Aku ta fasa mata baki da allo. Aka ce su riƙe abarsu a gida. Sunan Aku ya bi ta, don ba ta amsa wani, sai dai baƙo in ya ji yakan yi murmushi ya ce lallai akwai surutu, a rasa mai ba shi amsa.

Likita ta ce ya bar sana'ar, ya kuwa gwada. Ya yi dako a kasuwa, ƙarfinsa bai kai ba, don ashe gubar ta daɗe tana cinsa. Ya yi gadin wani shagon katako, aka sayar da shagon. Ga maganin Aku, ga abinci. Ƙarshe ya koma wa Yaya da makankarinsa, amma ba Kankarau ɗin da ba. Yanzu sai ya jiƙa bango kafin ya kankare, ya shimfiɗa leda a ƙasa, ya ɗaura takunkumi, ya tuɓe kayan aiki a wurin aiki ya yi wanka kafin ya kama hanya. Kuma ba ya taɓa tsohon fenti in akwai yara a gida. Aikin yini ɗaya ya koma na yini biyu. Masu gida suka fara gunaguni, sauran ma'aikata suna ce masa likita. Yaya yana ta haƙuri, yana ba masu gida baki, har ranar da ya samo aikin wani gidan rainon yara.

Tsohon gini ne, irin wancan. Mai wurin tana son a gama da wuri, a riƙa yin ɗaki ɗaya yara suna ɗayan. Kankarau ya kankari ƙofa ɗaya, ya ga shafin da ke ƙasa, ya sauke hannu.

"Yaya, a bari sai sun yi hutu."

"Ta ce ba ta hutu. Iyayen yaran ma'aikata ne, kullum sai sun kawo."

"To a kai su wani wuri har mu gama."

"Kai za ka ba ta wurin? Ka ga, na gaji. Aiki nawa ka sa na rasa? Ina da iyali ni ma. Abin da ya faru ƙaddara ce, ba kowane yaro ne Aku ba."

Yana faɗa ya so ya mayar, amma magana zarar bunu ce. Kankarau ya naɗe ledarsa, ya saɓa tsaninsa ya fita. Ya tsaya wajen mai wurin ya yi mata bayani iya iyawarsa, ta saurare shi da ladabi, ta ce za ta duba. Yaya ya ɗauko wasu suka yi aikin a bushe. Bayan kwana kaɗan Kankarau ya bi ta titin, ya ga ƙura tana fitowa ta taga, ga takalman yara a jere a baranda sun yi fari. Ya tsaya a bakin ƙofa yana tare iyaye, wasu suka tsaya, wasu suka ɗauka mai neman taimako ne suka wuce, mai gadi ya kore shi. Bai taɓa sanin abin da ya sami yaran nan ba. Wataƙila ba abin da ya same su. Wannan rashin sanin ya riƙa cinsa shekara da shekaru.

Daga nan shi da Yaya sai gaisuwar hanya. Ya riƙa samun ƙananan ayyuka wajen wasu masu fenti, yawanci sababbin gine-gine, inda ba abin kankarewa sai tsinin siminti. Sai hannun dama ya fara saki. Wuyan hannun ya lanƙwashe ƙasa, ya kasa ɗaga shi, makankari ya riƙa suɓucewa. Ya ɗaure shi da tsumma a tafinsa ya ci gaba, har na hagu ma ya bi sahu. Keken matarsa ya zama shi ne ke riƙe da gidan.

Aku ta zama budurwa a gindin keken nan. Abu ɗaya ta iya, kuma ta iya shi sosai: zura zare a allura da ɗinka maɓalli. Za ta yini tana yi ba ta gaji ba, in dai ba a canja mata wurin zama ba. In fushinta ya tashi, uwar ba ta iya ta, sai uban. Zai zauna kusa da ita a ƙasa har ta huce ta jingina da shi. Da hannuwansa suka mutu, ita ke ɓalla masa maɓallan riga, tana yi tana haɗe gira kamar mai babban aiki, in ta gama ta buga ƙirjinsa ta ce, "Yauwa."

Ƙafafunsa suka kumbura, fuska ta bi. Asibiti suka ce ƙoda ce. Yana kwance a gida wata safiya sai ga sallamar Yaya, ya tsufa, yana dogara sanda tun wata faɗowa da ya yi daga kan tsani. Matar ta shimfiɗa masa tabarma ta fita tsakar gida. Suka daɗe suna zancen ciwo da magani. Yaya ya buɗe baki zai taɓo tsohuwar maganar, Kankarau ya girgiza kai.

"Bar shi, Yaya. Abu ɗaya nake so. Uwarta ba za ta dawwama ba. In ta tafi, kada a bar yarinyar nan a titi, kada kuma a ba wani ita don a rabu da ita."

Yaya ya dubi Aku, tana can kusurwa da gwangwanin maɓallanta. Mutum ne da bai taɓa jin nauyin yin alkawari ba, amma wannan karon ya daɗe kafin ya amsa.

"Ni ma ƙafata ɗaya tana can. Amma zan tara 'ya'yana in gaya musu a gabanka. Babbar tana da haƙuri."

Ya kuwa kawo su, ya faɗa a gabansa, babbar 'yar ta ce ta ji ta ɗauka. Ko za ta iya, Allah ne masani.

Kankarau ya rasu da damina, da hantsi, ana yayyafi. Masu fenti kaɗan ne suka zo, yawancin waɗanda suka san shi sun riga shi tafiya ko sun bar sana'a. Aku ba ta yi kuka ba. Da mutane suka watse ta zagaya ɗakin, ta leƙa tsakar gida, ta dawo ta tsaya a kan uwarta.

"Baba?"

"Ya tafi."

"Aiki?"

Uwar ta so ta ce eh, don da hakan ya fi sauƙi, kuma Aku za ta yarda. Amma ta san za ta zauna a bakin ƙofa tana jira, yau da gobe, har abada. Ta kamo hannunta ta zaunar da ita.

"Ba aiki ba. Ya rasu. Ba zai dawo ba."

Aku ta fizge hannunta, ta yi jifa da gwangwanin, maɓallai suka watsu ko'ina, ta yi ta ihu har maƙwabta suka shigo. Ba wanda ya iya ta. Uwar ta sallame su, ta ja ƙofa, ta zauna a ƙasa tana tsince maɓallan ɗaya bayan ɗaya. Akwai ɗinkin kayan makaranta na mutane da za a karɓa washegari, ko rabi ba ta yi ba.